Daga Dawa Zuwa Kwalba: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Game da Giya, Malt da Kunu a Kebbi

Buhun dawa da ya bar hannun manomi a kasuwar Birnin Kebbi ko ta Argungu ba hanya guda gare shi ba. Wani tukunyar tuwo zai faɗa. Wani a jiƙa shi a niƙa, ya zama kunun zaƙin buɗa-baki. Wani 'yan sari su loda shi a tirela ya tafi masana'anta, ya dawo mana cikin baƙar kwalba da sunan lemon malt, a ajiye wa baƙi a gidan biki. Daga irin wannan masana'anta dai wani kason yake fita a matsayin giya. Can kudancin jiha kuma, a wasu ƙauyukan ƙasar Zuru, jar dawa ake tsimawa ta zama burukutu.

Yawancinmu a kwarin Rima ba ma shan giya. Addini ya hana, doka ma ta hana. Amma rashin sha bai kamata ya zama rashin sani ba. Iyaye suna tambaya ko malt halal ne. Matasa suna ganin Turawa a waya sun jera kofuna suna ba giya maki kamar masu duba jarrabawa. Mai kunu tana son sanin lokacin da kununta ya tashi daga tsami mai daɗi ya koma wani abu daban. Tambayoyin nan duka tushensu ɗaya, gara mu fara daga can.

Inda hanya take rabuwa

Ƙwayar hatsi cike take da sitaci, shi kuwa sitaci ba shi da zaƙi. Idan aka jiƙa hatsin, aka shimfiɗa a inuwa aka lulluɓe shi 'yan kwanaki, sai ya tsira. Tsirowar tana tayar da wasu sinadarai da ke narkar da sitaci ya koma sukari, domin sabuwar shuka ta samu abin ci. Wannan tsiron shi ne malt. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin aikinsa: ɗan garin tsiro ko busasshen dankalin Hausa da suke haɗawa da ƙullu shi ke sa kunu ya tsinke ya yi zaƙi ko ba a zuba sukari ba.

Da zarar an samu ruwa mai zaƙi, baƙi biyu da ido ba ya gani suna jiransa. Na farko ƙwayoyin da ke kawo tsami ne, irin waɗanda ke mai da madara nono da kindirmo. Su ne ke ba kunu da koko ɗan tsamin nan da harshe ke so. Na biyu yisti ne, wanda ke cin sukari ya fitar da iska da sinadarin da ke sa maye. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan maganar haka take ba tare da wani karin magana ba. Kunu ana tsayar da shi tun tsami na farko, a sha a ranar. Malt na kwalba ana tafasa shi a rufe kafin yisti ya samu dama. Giya da burukutu kuwa da gangan ake sakar wa yisti hanya, a ba shi kwanaki.

Shi ya sa kunun da ya kwana biyu ko uku cikin zafin watan Afrilu, ya fara kumfa, robarsa ta kumbura, murfin ya yi tsaki in an buɗe, ba kunun jiya ba ne. Malaman fiƙihu sun san wannan iyaka tun da daɗewa. Hadisi ya tabbata cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) dabino ko zabibi a ruwa ya sha, amma ba a barin jiƙon ya wuce kwana uku. A ƙasa mai zafi irin tamu, wani abin shan ba ya ma kai wannan wa'adi.

Abin da doka ta ce, da tun yaushe

Mutane da yawa sun ɗauka hana giya a Arewa ya fara ne da Shari'ar shekarar 2000. Ya girme ta nesa ba kusa ba. A ƙasar Gwandu, tun zamanin Malam Abdullahi Fodiyo hukuncin Malikiyya ake bi, kuma haddin Musulmin da ya sha giya a mazhabar bulala 80 ne. Ana tabbatar da laifin da iƙirarin mai shi ko shaidu biyu adalai, Malikiyya kuma ta karɓi shaidar warin giya a bakin mutum. Asalin haramcin yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90.

Turawa ma da suka zo ba su buɗe ƙofa ba. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Brasels a 1890 ta hana kai barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, Gwamna Lugga kuma ya sanya Arewa cikin wannan yanki. Daga baya, dokar Final Kod da gwamnatin Sardauna ta fara aiki da ita a 1960 ta ware sashe na 403, wanda ya mai da shan barasa laifi ga Musulmi in ba don magani ba.

Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta 1991, ta bi sahun Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a ƙarshen 2000, zamanin Gwamna Adamu Aliero, tana cikin jihohi 12 da suka yi haka. Hukuncin kotun Shari'a a kan Musulmi yake, wanda ba Musulmi ba kotun majistare ce tasa. Barikin soja kuwa a duk faɗin ƙasar nan a hannun gwamnatin tarayya yake, ikon Hisba bai kai can ba.

Akwai wata magana da ba ma son a tayar, amma tana nan. Harajin kayan masarufi da ake karɓa a kan giya yana shiga asusun tarayya a raba da kowace jiha, har da waɗanda ke farfasa kwalabe. An kafa hujja da wannan bayan da Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta ba jihar Ribas gaskiya kan karɓar harajin a Agustan 2021. A ganina tambaya ce da ta cancanci malamai da 'yan majalisa su zauna su amsa ta a fili, domin ba kason haraji kaɗai muke karɓa ba, dawar ma mu ke sayarwa.

Burukutu

Kebbi masarautu huɗu ce: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. A ƙasar Zuru, inda Lelna suke, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, za ka samu Musulmi da Kirista da mai addinin gargajiya wani lokaci a zuriya guda. A wurin waɗanda ke shanta, burukutu abin gayya ce da biki da makoki da shagalin kaka. Mata ne ke dafa ta, kuma da kuɗinta wasu suke ciyar da gida.

Aikin yana cin kusan mako. A jiƙa jar dawa, a tsirar, a shanya a rana, a niƙa, a dama da ruwa, a dafa, a bar shi ya yi tsami, a sake tafasawa, a huce, sannan a zuba ɗan ragowar tsohuwar burukutu a matsayin iri. Bayan kamar kwana biyu ta nuna. Kauri gare ta, launinta ja-ja ne mai duhu, da tsami, a ƙwarya ake shanta, kuma ƙarfinta yakan kama daga kashi 3 zuwa 6 cikin 100. Ba ta ajiyuwa, domin tana ci gaba da tsima har a cikin ƙwaryar, kwana kaɗan ta lalace.

Ba na ganin wani alheri a yi wa maƙwabta dariya ko ƙyama a kan wannan. Abin da ya kamata a faɗa musu da mu baki ɗaya shi ne inda haɗarin yake: hatsin da ya yi funfuna yana ɗauke da guba mai lalata hanta wadda tafasa ba ta kashewa, tsohuwar durom mai tsatsa tana zuba ƙarfe a cikin abin sha, kuma wasu masu sayarwa suna ƙara barasa mai ƙarfi don a ce tasu ta fi kama kai. Gubar funfunar nan ba ta tambayar addini. Mai kunun gyaɗa da mai koko ma ta shafe su.

Yadda dawar Arewa ta shiga kwalba

An kafa kamfanin Nigerian Breweries a 1946, kwalbar Star ta farko ta fito a Legas a 1949, reshensa na Kaduna ya buɗe a 1963. Guinness ya gina masana'antarsa a Ikeja a farkon shekarun 1960, kuma ita ce ta farko da ya gina a wajen Ailan da Birtaniya. Dukansu da sha'ir ɗin Turai suke aiki, domin sha'ir ba ya son zafinmu.

A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir don tsimin kuɗin waje. Dole kamfanoni suka juya ga dawa da masara. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya tana da irin dawa mai suna SK5912, gajerar kaura, wadda aka gano tana tsira da kyau don wannan aiki. An ɗage haramcin daga baya, amma dawa ba ta fita ba, har ma Nigerian Breweries ya kafa babbar masana'antar tsirar da dawa a Aba. Ko baƙar giyar Guinness ta Najeriya, mai ƙarfin kashi 7.5, da dawa a cikinta, abin da ya sa masu shanta a Landan suke bambanta ta da ta Dablin.

Ga manomi, abin lura shi ne wannan: masana'anta tana son ƙwaya mai girma ɗaya, busasshiya, marar tsakuwa, wadda kusan dukanta za ta tsira. Kuma buhun da suka saya ba a rubuta masa ko malt zai zama ko giya ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, malaminsa zai tambaya.

Yadda masu ɗanɗano suke ba da maki

A Turai da Amurka ɗanɗanon giya sana'a ce mai jarrabawa da takardar shaida. Wata ƙungiyar alƙalai da aka kafa a Amurka a 1985 tana amfani da maki 50: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, sai hukuncin gaba ɗaya 10. Alƙali ba ya ganin kwalba, ba ya sanin sunan mai ita, lamba kawai ake ba shi. Kuma ba a tambayarsa ko yana sonta. Ana tambayarsa ko ta cika sharuɗɗan nau'inta.

Nau'in da ya cika kasuwar Najeriya, su Star da Gulder da Heineken, ana tsima shi a sanyi, launinsa ruwan zinariya, ƙarfinsa wajen kashi 5. Akwai mai duhu da ake yi da gasasshen hatsi. Ɗacin da ke cikinsu daga furen wata shuka ce mai yaɗo da ake kira hop, wadda ba ta fitowa a ƙasarmu. Jamusawa sun ɗauki abin da zafi har yankin Bavariya ya yi doka a 1516 cewa ruwa da sha'ir da hop kaɗai za a sa.

A 'yan shekarun nan kuma ƙananan masu dafawa sun taso suna ƙalubalantar manyan kamfanoni, suna yin kaɗan-kaɗan da kayan ƙasarsu. A Najeriya akwai Bature Brewery, wanda ya fara a Abuja a 2017 kafin ya koma Legas, yana sa kofi da zoɓo a wasu kayansa.

Abu biyu ne suka ja hankalina a wannan sana'a, kuma duka biyun sun shafi wanda bai taɓa kusantar giya ba. Na farko, alƙalan sun tabbatar cewa zuwa daga waje ba ya nufin inganci. Abin sha da ya yi makonni a jirgin ruwa, ya kwana a tashar Legas ko Kwatano, ya hau mota zuwa iyakar Kamba cikin zafin da ke haura digiri 40, ya riga ya tsufa kafin a buɗe shi. Haske ma yana ɓata shi, shi ya sa ake son kwalba mai duhu. Wannan gaskiya ce ga malt da lemon kwali da madarar gwangwani da ake jerawa a rana a bakin shago. Na biyu, kowane aibi sun ba shi suna sun kuma gano sanadinsa, ta yadda mai dafawa zai san abin da zai gyara gobe.

Shin malt halal ne?

Sai an raba abu biyu da ake cakuɗawa. Maltina da ta fito a 1976, Malta Guinness a 1990, Amstel Malta a 1994, duka ruwan tsiro ne da aka tafasa, aka ƙara sukari da launi, aka rufe ba tare da an tsima ba. Fayrouz, wadda asalinta daga Masar ne, ita ma ba giya ba ce. Musulmi a Najeriya sun daɗe suna shansu. Wanda ya guje su don kamfanin giya ne ke yin su, tsantseni ya yi, kuma tsantseni ba abin zargi ba ne.

Daban suke da giyar da aka rubuta wa 0.0. Ita an tsima ta ta zama giya sosai, sannan aka cire barasar da inji. Malamai sun saɓa a kanta, hukumar addinin Musulunci ta Malesiya kuma ta ƙi amincewa da irinta a 2019. A sani kuma, a ƙasashe da dama doka ta yarda a rubuta babu barasa matuƙar ba ta wuce kashi 0.5 ba. Karanta jikin gwangwanin kafin ka saya.

Matsalar malt da ta fi damuna ba ta fiƙihu ba ce, ta sukari ce. Zaƙinsa bai yi nisa da na sauran lemon kwalba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 na irin wannan sukari a yini, kuma kwalba guda tana cinye kaso mai tsoka daga ciki. Duk da haka shi muke kai wa marar lafiya a asibiti, har da mai ciwon sukari. Maganar cewa malt da madara suna ƙara jini ita ma ba ta da tushe. Mai ƙarancin jini sinadarin ƙarfe yake buƙata, irin na hanta da wake da zogale, da gwajin likita.

Abin da ke kisa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, a 2023 kuma ta ce babu wani adadi na shanta da za a kira marar haɗari. A 2015 gomman mutane sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan barasar ogogoro mai gubar metanol. Abin da ya fi kusa da yaranmu kuwa barasar leda ce, mai arha, mai shiga aljihu, mai ƙarfin da ya ninka na giyar kwalba sau da yawa. NAFDAC ta sanar da hana ta a farkon 2024, masu masana'antu suka yi ta ja.

Kada mu ɗauka halal ba ya cutarwa. A watan Maris na 2021 an kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami.

Namu fa, wa ke auna shi?

Muna da fura da nono, kunun zaƙi, kunun aya, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, zoɓo, lamurje, da tukuɗin da muka koya wurin 'yan'uwanmu na Nijar. Muna kuma da harshen da ya san su. Dattijon Argungu yana kurɓar fura zai gaya maka ko geron bana ne, ko an surfe shi da kyau, ko nonon an tsinka shi da ruwa da garin kuka, ko citta ta danne kanumfari. Wannan ilmi ne, sai dai a baki yake, ba a rubuta ba, ba a kuma saka wa gwanar da ta fi.

Dubi abin da mutanen Balensiya a Sifen suka yi da kunun aya. Ayar yankinsu tana da rajista da hukuma mai kare sunanta, kunun kuma baƙi na tafiya takanas don su sha. Ayar nan ita ce ake nomawa tuli a jihar Maraɗi, har Sifen ɗin tana saye daga Afirka ta Yamma. Zoɓonmu ana fitar da shi zuwa Meziko. Mu kuwa a tsohuwar robar ruwa da aka tsinto muke ɗura su.

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, wuri ne da aka saba da alƙalanci. Ana ɗora kifin kogin Matan Fada a sikeli, ana raba gardama a kokawa da dambe da tseren kwale-kwale, ana baje kolin amfanin gona. Ban ga abin da zai hana a ware rumfa guda ga masu fura da kunu da zoɓo daga ƙananan hukumomi 21 na jihar ba. A ba kowace ƙwarya lamba, alƙalai su ɗanɗana ba su san ta wace ce ba, a ba da maki kan ƙamshi, kauri, daidaiton zaƙi da tsami da yaji, da ko akwai tsakuwa ko dusa.

Maki mafi nauyi ni a kan tsabta zan ɗora shi: wane ruwa aka dama da shi, da wane ruwa aka yi ƙanƙarar, sabuwar roba ce ko tsintacciya, yaushe aka yi. A nan jami'ar Aliero da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Waziri Umaru suke da aiki. Suna da ɗakunan gwaji da ɗalibai masu neman abin bincike. Su auna wa masu sana'ar awa nawa kunun aya yake yi lafiya a zafin Birnin Kebbi in babu firiji, zafi nawa za a dafa zoɓo a ɗura shi a sabuwar kwalba ya yi mako, da kuma ranar da kunun zaƙi yake fara ɗaukar barasa, sannan a faɗi sakamakon da Hausa a rediyo.